Abin da Ya Rage a Rariya: Lacca kan Tace Bayanan Taswira

Iyayenmu hakimai da dagatai, malamai, ma'aikatan ƙananan hukumomin Jega da Aliero da Maiyama, da ku ɗalibai ƙannena, ina yi muku barka da zuwa.

Maganar da aka ɗora mini ta shafi wani ɗan ƙaramin aiki ne da mai haɗa taswira a kwamfuta ke yi sau da yawa a yini ba tare da ya tsaya tunani ba. Yana da taswirar da ke ɗauke da abubuwa dubbai, sai ya ce da manhaja: nuna mini waɗanda suka cika sharaɗi kaza, sauran ki kawar da su. Nuna mini makarantun firamare kaɗai. Nuna mini rijiyoyin burtsatse da suka lalace. Nuna mini asibitocin da ke mazaɓar Jiga Makera. Wannan shi ake kira tacewa. Rubuta umarnin ba ya ɗaukar minti guda, amma a kan amsarsa ake raba kuɗin gyara, ake tura ma'aikatan rigakafi, ake yanke wa za a fara kai wa agaji bayan ambaliya.

Zaɓe a taswira ba yau aka fara shi ba. A 1824, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba Baturen nan Clapperton taswirar ƙasashen nan a Sakkwato, aka buga ta a Landan a 1826. Duk mai zana irin wannan da alƙalami dole ya zaɓi garin da zai shiga da wanda zai bari, don takarda ba ta ɗaukar kome da kome. Sai dai zaɓensa sau ɗaya ne, kuma kowa ya san da hannun mutum a ciki. Taswirar kwamfuta kuwa tana ajiye duk abin da aka zuba mata, zaɓen kuma ana sake shi duk lokacin da wani ya latsa. Mai kallo sai ya ɗauka na'ura ce ta faɗi gaskiya, ya manta akwai wanda ya rubuta sharaɗin, akwai kuma wanda ya cike takardar tun farko.

Bari in fayyace yadda abin yake a ciki. Kowane abu a irin wannan taswira fuska biyu gare shi. Ta farko surarsa a ƙasa: rijiya ɗigo ce, hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Aliero da Jega da Maiyama ta nufi Koko da Yawuri zare ce, gona ko mazaɓa kuwa fili ne mai kewaye. Ta biyu siffofinsa, waɗanda ke zaune a wani jadawali a bayan taswirar. Kowane abu da sahunsa a jadawalin, kowane sahu an raba shi gida-gida: gidan suna, gidan ƙaramar hukuma, gidan mazaɓa, gidan zurfi, gidan ko tana aiki. Idan ka tace da siffa, manhaja ba ta duban ƙasa ko kaɗan. Sahu-sahu take bi, tana leƙa gidan da ka ambata, tana gwada abin da ke ciki da abin da ka rubuta. Ya yi daidai, ɗigon ya fito. Bai yi ba, ɗigon ya ɓace, kuma ba ta gaya maka ta ɓatar da shi.

Kayan aikin ba su da wuyar samu. QGIS kyauta ce, tun 2002 ake gina ta, kowa na iya sa ta a kwamfutarsa. Masu son ɗora taswira a intanet kuwa ba sa farawa daga tushe. Akwai kundayen umarni da wasu suka riga suka rubuta, ɗauka kawai ake yi a yi gini a kai. OpenLayers ya fito a 2006, Leaflet a 2011, akwai kuma MapLibre, sannan masu aiki da harshen Python suna da GeoPandas. Kowannensu na da hanyarsa ta tacewa. Zan dawo kan inda suka saɓa, domin a nan ne ake yin ɓarnar da ba a gani.

Mu fara da abin da ke ƙofar gidanmu, wato suna. Mu a nan Aliero muke rubutawa. Amma ku buɗe wasu jerin ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan da ke yawo a intanet, za ku tarar an rubuta Aleiro. Harafi biyu ne suka yi musayar wuri, idon mutum ma ba ya tsayawa a kai. Manhaja kuwa ba ta da kara. Ka ce ta kawo na Aliero, jadawali ya ce Aleiro, sai ta miƙo maka taswira fayau, babu ko ɗigo. Wannan ma da sauƙi, don duk wanda ya ga ƙaramar hukuma guda babu makaranta ko ɗaya ya san da matsala. Wanda ya fi muni shi ne jadawalin da aka haɗa daga hannu biyu, ma'aikatan jiha sun rubuta Aliero, wata ƙungiya daga Abuja ta rubuta Aleiro. Sai rabi ya fito, rabi ya noƙe. Taswirar ta yi kyau, ɗigo-ɗigo ko'ina, a buga ta a kai gaban shugaban ƙaramar hukuma.

Wani zai ce to a sassauta mana, a ce duk sunan da ya ƙunshi kaza ya fito. Ana yin haka, amma ku duba abin da ke faruwa. Ka nemi duk mai "Jiga", ka haɗa Jiga Birni da Jiga Makera, mazaɓu biyu daban a cikin goman da Aliero ke da su. Idan kuma wani mai shigar da bayanai da bai san ƙasar nan ba ya ga Jiga ya ɗauka kuskure ne ya gyara ta zuwa Jega, to ya ɗauke asibiti daga ƙaramar hukuma ya kai wata yana zaune a kujerarsa. Ka nemi "Makera" a jadawalin ƙasa baki ɗaya, ta Kaduna ta Kudu za ta faɗo ciki, da duk wata unguwar maƙera da ke garuruwan Hausa. Ko a matakin ƙananan hukumomi akwai tagwayen suna: Bassa a Filato da Kogi, Obi a Binuwai da Nasarawa, Surulere a Legas da Oyo. Ga kuma namu na musamman, haruffa masu ƙugiya. Wani ya rubuta Ɗanwarai, wani Danwarai, wani ya raba ta biyu, wata tsohuwar manhaja kuma ta ga ƙugiyar ta sa alamar tambaya a gurbinta.

Maganin wannan sananne ne: a tace da lamba, a bar suna don idon mai karatu. Hukumar zaɓe haka take yi. Kowace rumfa cikin 176,846 da ake da su tun 2021 tana da lamba mai gaɓa huɗu, jiha, ƙaramar hukuma, mazaɓa, rumfa. Kebbi ita ce 21, Aliero kuma 01. Amma ko lambar sai an yi hattara da ita. Buɗe jadawalin a Excel, ta ga 01 ta ce ai wannan ɗaya ce, ta cinye sifirin. Ka dawo ka nemi 01, babu. Akasin haka ma na faruwa, a ajiye adadi a matsayin rubutu. Idan aka gwada rubutu da rubutu, harafin farko ake fara dubawa, don haka 9 ta fi 30, ta fi 100 ma. Rijiya mai zurfin mita tara sai ta shiga sahun masu zurfi.

Yanzu ga inda nake so mu zauna sosai, gidan da aka bari babu kome. A ce, misali ne kawai, an ƙidaya rijiyoyin burtsatse ɗari a wata mazaɓa. Sittin an rubuta suna aiki. Ashirin da biyar an rubuta sun lalace. Sha biyar ba a rubuta kome ba. Wataƙila ranar da ma'aikaci ya je damina ta yanke hanya, wataƙila wayarsa ta mutu, wataƙila ya tarar an kulle famfon babu wanda zai tambaya. Manhaja na nuna irin wannan gida da kalmar NULL, ma'ana ba a sani ba.

Sai shugaba ya ce a kawo masa waɗanda ba sa aiki, za a fitar da kuɗin gyara. Ma'aikaci ya buɗe QGIS ya rubuta: duk wadda halinta bai yi daidai da "tana aiki" ba. Nawa za su fito? Hankalin ɗan'adam zai ce arba'in. QGIS za ta kawo ashirin da biyar. Dalili shi ne tana bin ƙa'idar harshen SQL, inda tambaya ke da amsa uku: i, a'a, da ba a sani ba. Abin da ba a sani ba, ba za a ce ya yi daidai da wani abu ba, ba za a kuma ce ya saɓa masa ba. Wanda amsarsa ta zama i shi kaɗai ke wucewa. Saboda haka sha biyar ɗin nan ba sa cikin masu aiki, ba sa cikin marasa aiki. Haɗa sittin da ashirin da biyar, tamanin da biyar ke nan. Rijiya sha biyar sun fita daga lissafin gwamnati ba tare da kowa ya yi niyyar cutar kowa ba.

To ku riƙe wannan, ga ɗan'uwansa. Ɗalibi ya ɗauki wannan jadawalin, bai canza ko wasali ba, ya ɗora shi a intanet da Leaflet, ya rubuta sharaɗi iri ɗaya a harshen JavaScript. Shi kuma wannan harshe bai san amsa ta uku ba. Gidan da babu kome ai ba "tana aiki" ba ne, don haka ya wuce. Sai a sami arba'in. GeoPandas ma arba'in ɗin za ta ba da. Jadawali ɗaya, tambaya ɗaya, ma'aikacin sakatariya na riƙe da ashirin da biyar, ɗalibin jami'a na riƙe da arba'in, kowa na iya rantsuwa bai taɓa kome ba, kuma duk gaskiya suka faɗa. Har akwai wata ƙaramar muguntar: a JavaScript, idan ka tambaya ko NULL bai kai 30 ba, zai ce i, don yana ɗaukarsa sifiri. Rijiyar da ba a taɓa auna zurfinta ba sai ta bayyana a jerin marasa zurfi.

Ni a ganina, wanne ne daidai tsakanin ashirin da biyar da arba'in ba ita ce tambayar ba. Amsar da ta dace a kai wa shugaba gida uku ce: ga masu aiki, ga matattu, ga waɗanda ba mu je ba. Kuma na ukun su ne suka fi cancantar a fara tura mutum, domin ba haka kawai suke zama babu kome ba. Wurin da ke da wuyar zuwa shi ake tsallakewa. Ƙauyen da ke bayan fadama, rugar da ba ta da hanyar mota, gefen gulbin Zamfara da ruwa ke shanyewa kamar yadda muka gani a ambaliyar 2020, su ne gidajensu ke zama fayau a jadawali, su ne kuma suka fi buƙatar gyaran. Duk macen da ke tankaɗe ba ta kifar da rariya ba ta duba ba. Tana leƙa abin da ya rage, ta ga ko tsakuwa ce ko tsakin da zai koma turmi. Haka nake so kowane ɗalibi a nan ya saba: ka tace, ka ƙirga waɗanda suka fito, ka ƙirga waɗanda suka rage, ka haɗa ka ga ko sun cika adadin farko, sannan ka buɗe ragowar ka karanta da idonka. A QGIS umarnin da ke zaƙulo su gajere ne, IS NULL, amma sai wanda ya tuna da su ke rubuta shi.

Ba tatsuniya nake yi muku ba, ƙasar nan ta ɗanɗana. A yaƙin da aka yi da shan-inna, an daɗe ana aiki da taswirar hannu da ma'aikatan mazaɓa ke zanawa, yara kuma suna ta kuɓucewa rigakafi. Daga wajen 2012 aka shiga zana garuruwan jihohin Arewa daga hoton tauraron ɗan'adam, aka ba masu ɗiga maganin wayoyi masu nuna inda suka taka. Sai ga ƙauyuka da rugage sun bayyana waɗanda ba sa cikin jerin kowa. Aka kasa matsugunai gida uku, manyan garuruwa, ƙananan ƙauyuka, da 'yan gidaje da ke warwatse, kuma wannan rabon yana nan a bayanan GRID3 da ake saukewa kyauta a yau. A ranar 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji. Amma ku lura, tauraron ɗan'adam rufin ɗaki yake gani, ba ya jin sunan gari. Duk wanda ya ce taswira ta yi cunkoso, bari ya bar masu suna kaɗai, ko ya bar manyan garuruwa da ƙauyuka ya kashe na ukun, to ya mayar da mu inda aka fito da latsawa ɗaya.

Akwai wata hanyar tacewa ta biyu da ya kamata a riƙa gwada ta da ta farko, wato tacewa da wuri. Maimakon ka ce kawo waɗanda aka rubuta wa Jiga Makera, sai ka ce kawo waɗanda ɗigonsu ya faɗa cikin kewayen Jiga Makera. Jerin biyu ba kasafai suke zama ɗaya ba. Wani lokaci rubutun ne ba daidai ba. Wani lokaci iyakar ce, don iyakokin mazaɓu da ke yawo a kwamfuta na gudanar da aiki ne, ba wai an bi su da ma'auni an kafa turaku ba. Dagaci da mai unguwa sun fi su sanin inda gonar wane ta tsaya. Wani lokaci kuma lambobin wurin aka juya. Muna kusan digiri 12 arewa, 4 da rabi gabas. Tsarin fayil na GeoJSON yana fara rubuta na gabas, Leaflet kuwa idan kana sa ɗigo da hannu na arewa yake so a gaba. Ka juya su, asibitin Aliero ya tashi ya sauka a tsakiyar Kamaru. Tacewa da suna za ta ƙirga shi, tacewa da wuri ba za ta gan shi ba. Wannan ba wasa ba ne tunda dokar lafiya ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, kuma tsarin da ake bi shi ne aƙalla asibiti ɗaya a kowace mazaɓa. Gidan mazaɓa a jadawali ya zama gidan kuɗi.

Wata magana a taƙaice. Ba ka iya tace abin da ba a buɗe masa gida ba. Rajistar asibitoci ta gwamnati mataki uku ta sani, na farko, na biyu, na uku. Aliero kuwa duk Arewa an san ta da ɗori, mutane na ɗauko karyayyu daga nesa su kawo. Baƙon da ya tace taswira yana neman inda ake jinya a garin zai ga kome ban da abin da ya fi kawo majinyata. Ba ina cewa a kira gidan ɗori asibiti ba ne. Ina cewa idan mu ne za mu tsara jadawalin, mu buɗe gidajen da suka dace da ƙasarmu: rumbun albasa, rijiyar da ke ƙafewa da bazara ta dawo da damina, hanyar da mota ke bi da rani kaɗai. Mu kuma sa gidan ranar da aka duba, don famfon da aka rubuta yana aiki shekara huɗu da suka wuce ba shaida ba ce a kan yau. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe ma a 2006 aka yi ta, shekarar da aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, kuma yaran da aka haifa a shekarar su ne wasunku da ke zaune a gabana.

Sai gargaɗi ga masu ɗora taswira a intanet, ku ɗalibai musamman. Ɓoyewa daban, cirewa daban. A OpenLayers hanya mafi sauƙi ta tacewa ita ce ka hana abin launi da sura, sai ya daina bayyana, alhali yana nan daram a cikin bayanan. A MapLibre ma haka ne. A Leaflet, sharaɗin da ka ba shi lokacin zuba bayanai kawai yake aiki, in ka canza shi daga baya ba ya waiwayar waɗanda suka riga suka shiga, sai ka kwashe ka sake zubawa. Wannan ya sa ɗalibai da yawa kwana ba barci suna neman laifin da ba su yi ba. Amma a dukkansu, in dai fayil guda ka ɗora, ya riga ya sauka ɗungurungum a wayar mai kallo kafin a tace. Ya ci masa data a kan abin da ba zai gani ba, wannan ɗaya. Na biyu ya fi nauyi. A ce ƙungiyar manoman albasa ta yi taswirar gonaki, jadawalin na ɗauke da sunan manomi, da lambar wayarsa, da buhu nawa ya ajiye, da inda rumbunsa yake. Aka ɓoye waɗannan a fuskar taswira aka ce an tsare sirri. Duk yaron da ya iya buɗe cikin burauza zai kwashe su cikin minti biyu. A halin tsaron da muke ciki ba sai na yi dogon bayani ba, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a ƙasar nan. Abin da ba ka so a gani, a babbar kwamfutar da ke ajiyar za ka tace shi, da irin su GeoServer, ko ka yanke gidajen gaba ɗaya ka fitar da sabon fayil kafin ka ɗora.

Ga roƙona ga iyayenmu da ma'aikatan sakatariya, kuma aiki ne da ba ya buƙatar kwangila. A zauna a rubuta jeri guda na mazaɓu da ƙauyuka da rugagen Jega da Aliero da Maiyama, kowanne da lambarsa, da rubutun sunansa da aka amince da shi, da sauran rubuce-rubucen da ake yi masa a gefe. Hakimai da dagatai su duba su sa hannu. Daga nan duk fom ɗin da za a sa a wayar ma'aikaci, kada a bar shi ya rubuta sunan gari da yatsa, ya zaɓa daga jerin. A gidan hali kuma a ƙara masa zaɓi na uku, "ban samu zuwa ba", da gurbin da zai faɗi dalili. Ɗaliban da ke neman abin da za su yi aikin kammala karatu a kai, mazaɓu goma na Aliero sun ishe ku farawa, ku raba su a tsakaninku.

Na ga an ɗaga hannu a baya tun ina maganar rijiyoyi sha biyar. Malam, bismilla, da kai za mu fara.